Yunwar Wa Ake Yaƙa?

Babu wanda ya taɓa miƙewa a bainar jama'a ya ce shi yana goyon bayan yunwa. Gwamna na yaƙi da ita, Bankin Duniya na yaƙi da ita, mai kamfanin taki da mai shigo da shinkafa daga Indiya ko Tailan duk sun ce yaƙin da suke yi ke nan. A 2015 ƙasashen duniya suka taru a Majalisar Ɗinkin Duniya suka ɗebar wa kansu wa'adi, wai kafin 2030 a wayi gari babu mai kwana da cikinsa wayam. Rahoton da hukumomin Majalisar suka fitar a 2024 ya ce mutum wajen miliyan 733 ne suka yi fama da yunwa a 2023, kuma a nan Afirka mutum ɗaya ne cikin kowane biyar. Wa'adi ya ƙarato, tukunya ba ta ko tafasa ba.

Abin da kowa ya yarda da shi, shi aka fi bari babu bincike. Da zarar an ce wannan aiki na ciyar da ƙasa ne, sai mai tambaya ya ji nauyin buɗe baki, kada a ce shi ne ba ya son talaka ya ƙoshi. To ni ina da tambaya, kuma daga kudancin Jihar Sakkwato nake ɗauko ta, daga Sanyinna da Tambuwal da Dogon Daji da Kebbe, inda da wuya ka shiga gidan da babu fartanya a jingine. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta auna talauci ta fuskoki da dama, abinci da lafiya da karatu da ruwan sha da muhalli, ta ce 'yan Nijeriya miliyan 133 ke cikinsa, kuma Sakkwato ce ta zo kan gaba, da mutum tara cikin goma. Jihar manoma ke nan. Saboda haka idan aka ce za a kori yunwa ta hanyar bunƙasa noma, shi manomin mene ne matsayinsa a cikin zancen? Don shi ake aikin, ko da shi ake aikin, kamar yadda ake yi da garma? In kuwa za a ciyar da mutum dubu, ya halatta a raba mutum goma da gonarsu?

Ana ƙidaya yunwa iri biyu, kuma rikicin duk daga nan ya samo asali. Mai ofis yana ƙidaya tan: ƙasa na cin tan kaza na shinkafa, tana noma tan kaza, ga giɓin da za a cike. Matar gida tana ƙidaya mudu da kwanaki: abin da ke rumbu zai kai watan nawa, kuma daga nan me za a sayar. Lissafin farko yana iya cika cif alhali na biyu na kuka. Wani masanin tattalin arziki ɗan Indiya, Amartya Sen, ya bi diddigin yunwar da ta kashe miliyoyin mutane a yankin Bengal a 1943, ya nuna cewa abincin da ke ƙasar a shekarar bai yi ƙarancin da zai jawo wannan mutuwa ba. Farashi ne ya tsere wa lebura da masunci da ɗan ƙodago, suka mutu abinci na kasuwa. Mu ba sai mun je Bengal ba. A 2005 asibitocin wucin gadi na likitocin agaji suka cika da yara masu tamowa a Maraɗi, yankin da ake kira rumbun Nijar, alhali buhunan gero na jibge a kasuwa, manyan motoci na lodi suna tsallako iyaka. Uwar da ke goye da yaro mai tamowa tana wuce hatsi a kan hanyarta ta zuwa asibiti.

Kakanninmu sun san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi, shi ya sa suke raɗa wa kowace yunwa suna kamar mutum: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, 'Yar Buhu ta 1927, 'Yar Gusau ta farkon shekarun 1940, Muda ta farkon shekarun 1950. Wani Bature, Michael Watts, wanda ya zauna a Kaita ta ƙasar Katsina yana nazarin waɗannan shekaru, ya kafa hujja da cewa fari tsohon baƙo ne a ƙasar Hausa, abin da ya sauya shi ne ƙarfin gida na jure masa. Harajin Bature da tsabar kuɗi ake biya, kuma da kaka ake karɓa, lokacin da hatsi ba shi da daraja, sai magidanci ya kwashe abin da a da zai kimsa a rumbu saboda baƙar shekara ya kai kasuwa. Sama ce ke hana ruwa, amma wanda zai mutu da wanda zai tsira a ƙasa ake tsara su.

Babban darasin wannan yanki yana Bakolori. Bayan farin 1972 zuwa 1974, kuɗin fetur na kwarara, gwamnati ta ƙudurta cewa ba za a sake zama jiran damina ba. Aka ba wani kamfanin Italiya, Impresit, kwangilar tare Gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara da Maradun, waɗanda a lokacin suna cikin Jihar Sakkwato. Aka gama madatsar a 1978. Manufa ita ce a shayar da hekta 23,000, a noma alkama da shinkafa rani da damina. A takarda babu abin kushewa. A ƙasa kuwa, mutum wajen dubu goma sha uku ruwan tafkin ya tasa daga gidajensu da fadamunsu, aka mayar da su kan tudu mai tsakuwa. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin ban-ruwa aka hana su shuka, damina ta wuce, wata ta wuce, motoci na baje ƙasa, ana tumɓuke ɗorawa da kuka da tsamiya da kaka ya bar wa jika. Da aka tashi mayar da gonaki iyakoki sun ɓace, wani ya sami ta wani, wani bai sami komai ba. Diyya kuwa ta zama gobe, ta zama jibi.

Manoma suka gaji da kai kuka, suka tare hanyoyin shiga wurin aiki. A ƙarshen Afrilun 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Aka yi harbi, aka ƙona ƙauyuka, Birnin Tudu na cikinsu. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu. Masu bincike da 'yan adawa na lokacin suka ce sun haura 380. A cikin wannan wata na Afrilu ne gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, ɗan garin Shagari nan maƙwabtan Tambuwal, ta ƙaddamar da shirinta na Juyin Juya Halin Noma. Ba na kawo wannan don in tono wa mamaci laifi. Madatsar gadonta ya yi daga sojoji, kuma mutum ne da ya san gona. Na kawo shi ne don mai karatu ya ga cewa kyakkyawar niyyar ciyar da ƙasa da harbin manomi suna iya fitowa daga gwamnati guda a wata guda, ba tare da masu yi sun ga cin karo a tsakaninsu ba. Ba a jima ba kuma aka kafa kwamitin shigo da shinkafa daga waje a ƙarƙashin Umaru Dikko.

Ya kamata a ba masu madatsa haƙƙinsu na hujja, domin suna da ita, kuma ba ƙarama ba ce. Za su ce jama'a na ƙaruwa, gona ba ta ƙaruwa. Damina wata huɗu ce, ciki kuwa wata goma sha biyu. Ruwan da ke gangarewa Neja da kaka, ya bar ƙasa a ƙeƙashe, asara ce da ba ta da dalili. Za su nuna maka Indiya da Pakistan, inda irin alkamar Norman Borlaug da taki da ban-ruwa suka ninka amfanin gona a shekarun 1960, har aka ba shi kyautar Nobel a 1970. Za su ce babu titin da aka taɓa ginawa bai bi ta gonar wani ba, kuma in sai kowa ya yarda za a yi aiki, to, babu aikin da za a yi har abada. Wannan shi ne lissafin jimla da wasu masana falsafar Ingila irin su Jeremy Bentham suka yi fice a kansa: a tara amfani, a tara cuta, a ɗebe wannan daga wancan, in amfani ya rinjaya a yi. Duk mai rabon abinci a gidan yawa ya taɓa yin irin wannan lissafi, ko bai san sunansa ba.

Amsa mafi sauƙi ita ce a ce Bakolori ko a ma'aunin masu ita ba ta ci riba ba. Kusan kashi biyu cikin uku na filin an tsara shi ne a kan na'urorin feshin ruwa masu cin wuta da kayan gyara daga waje, kuma ba su daɗe ba suka mutu. Sannan an manta da mutanen ƙasan gulbi. Daga madatsa zuwa wajen Sakkwato, dubban gidaje sun rayu ne da ambaliyar shekara-shekara: ruwa ya malala a fadama a noma shinkafa, ya janye a bi sawunsa da albasa da dankali da rogo, tafkuna su cika da kifi. Wannan ma ban-ruwa ne, sai dai babu injiniyan da ya zana shi, saboda haka bai shiga lissafi ba. Da aka tare ruwan, ambaliya ta ragu, lokacinta ya rikice, masu shinkafa suka koma gero da dawa, masunta suka yi ƙaura. Wani mai bincike daga Ingila, William Adams, ya bi waɗannan ƙauyuka a farkon shekarun 1980 ya rubuta asarar da suka yi. Daga baya sai da aka sake ciwo bashin Bankin Duniya a 2014 don gyara Bakolori da wasu madatsun Arewa.

Amma ba na son in ɓuya a bayan wannan amsa, don tana nufin da aikin ya yi kyau da shi ke nan, jinin ya halatta. Mu ɗauka ya yi kyau. Mu ɗauka alkama ta cika ƙasa, burodi ya yi araha a Legas da Kano. Shin mutumin Maradun da ya rasa fadamarsa ya biya wani bashi ne da ake bin sa? Lissafin jimla yana yin kamar al'umma ciki ɗaya gare ta, abin da aka rage a nan an ƙara a can, babu asara. Amma ƙoshin ɗan Legas ba ya sauka a cikin ɗan Maradun. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun yarda a tilasta wa mutum sayar da filinsa saboda maslahar jama'a, kamar faɗaɗa hanya ko masallacin Juma'a da ya yi wa mutane kaɗan. Sun yarda da tilas, amma sun kira abin ciniki, wato akwai farashi, kuma sai an biya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuwa ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, ta taƙaita diyya a kan shuka da gini da abin da aka kashe a kan fili. Gona ga manomi ta wuce amfanin shekara guda. Ita ce aikinsa, ita ce ajiyarsa, ita ce abin da zai bar wa 'ya'ya, kuma da ita ake ba shi mata. Kuma diyyar da ta zo bayan damina biyu ta tarar an riga an sayar da sa da akuya an ci, wani ma ya riga ya tafi ci-rani bai dawo ba.

Akwai kuma abin da masu lissafin jimla ba su cika lura da shi ba. Ƙin yardar manomi labari ne da yake ba ka kyauta. Wanda ya ce kada a tare ruwan nan a wata kaza, ko kada a ƙanƙare ƙasar nan ta sama, yana gaya maka abin da taswirarka ba ta nuna ba. In ka toshe masa baki ka zalunce shi, kuma ka makantar da kanka a lokaci guda. Wani masanin falsafa ɗan Ostireliya, Peter Singer, ya yi wani misali a 1972 da ya motsa zukatan masu ba da agaji a Turai da Amurka: in ka ga yaro na nutsewa a kududdufi, wajibi ne ka shiga ka ciro shi ko da tufafinka za su ɓaci, kuma nisan ƙasa ba ya sauke wannan wajibi. Misalin ya yi amfani wajen buɗe aljihu, ina kuwa girmama shi don haka. Illarsa ita ce yana koya wa mai taimako ya ɗauki manomin Kebbe kamar yaron da ke nutsewa, wanda ba a shawara da shi, cafko shi kawai ake yi. Alhali dattijo ne da ya shekara hamsin yana iyo a wannan ruwa, ya san inda yake da zurfi.

Dubi abin da ya faru da aka gwada ƙaramin abu. Tun daga shekarun 1980, sannan da shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa wa daga farkon shekarun 1990, aka yaɗa haƙa 'yar rijiyar bututu a fadama da ƙaramin injin ban-ruwa mai shan fetur. Jigo ya kwanta. Mutum ɗaya da ɗansa suka iya shayar da abin da a da sai gayya. Babu wanda aka tasa, babu wanda aka ce dole ya shuka alkama. Mai gona ne ke zaɓen ko albasa ko tattasai ko shinkafa, shi ke kunna inji, shi ke kashewa. Duk wanda ya bi fadamun Gulbin Zamfara ta wajen Kebbe zuwa Jega da rani, ko ya ga lodin albasa a Aliero, ya ga abin da wannan ɗan inji ya yi. Bai kai madatsa kwarjini ba, ba a kuma yanka masa kyalle da almakashi, amma yaran da suka fasa tafiya kudu ci-rani saboda shi suna da yawa.

Sai dai shi ma yana da nasa mutum goman. Fadamar da ta koma lambu ita ce makiyayar rani ta Bafillace tun kaka da kakanni. A da manomi na girbe ya tashi, shanu su shigo su ci kara su bar taki, kowa ya amfana. Da fadama ta zama kore shekara duka, sai mashaya ta toshe, burtali ya tsuke, saniya ta zama ɓarauniya a inda uwarta ta sha ruwa. Babu ɗan sandan da ya yi harbi a ranar da aka kafa inji, saboda haka ba mu ƙidaya wannan a matsayin ƙwace ba. Zagaye na biyu na shirin Fadama ya gane haka, ya nemi a zaunar da makiyayi da masunci da manomi a ƙungiya ɗaya, amma an zo a makare a wurare da yawa. Ba na cewa wannan ne ya haifi ta'addancin da ke dazuzzukanmu yau. Wanda ya ɗauki bindiga ya kashe mutum shi ke da alhakin abin da ya yi. Ina cewa ne mu manoma, da muka sami namu ci gaban, mun yi wa wani abin da muke kuka an yi mana. Sannan injin ya ɗaure manomi da gidan mai. Da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta ninka fiye da biyu cikin kwanaki, mai hali ya koma gas ko sola, marar hali ya rage fili.

Shirin bashin manoma na Babban Banki, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, ba zan daɗe a kansa ba. An raba fiye da naira tiriliyan ɗaya, an gina dalar shinkafa a Abuja a Janairun 2022, har yau kuma ana gardamar nawa aka biya. Wasu manoma na gaske sun amfana. Wasu sunaye kuwa a jerin masu gona ba su taɓa taka laka ba.

Inda maganar ta fi ciwo shi ne farashi. Ɗauki magidanci a Sanyinna mai gona biyu da iyali tara. Da kaka ya yanke hatsi, wato gero a bakin Kanawa, ya ɗaure dammuna. A lokacin ne kowa ke bin sa: mai taki, mai magani, kuɗin makaranta, bikin da aka ɗage sai bayan girbi, rufin ɗakin da damina ta ci. Dole ya sayar, kuma ranar da yake sayarwa kowa na sayarwa, mudu ya faɗi warwas. Wata bakwai ko takwas bayan haka rumbu ya yi ƙasa, ga aikin noma ya kankama, ya koma kasuwar nan ya sayi hatsin nan, wataƙila ma nasa ne, da tsada. In babu kuɗi ya bar gonarsa ya tafi ƙodago a ta wani, tasa ciyawa ta cinye, baɗi amfani ya ragu. Ko ya ci bashi da alkawarin buhu da kaka a farashin da mai ba da bashi ya yanka. Wannan mutum mai sayarwa ne wata biyu, mai saye ne sauran shekara. Ka ƙara masa iri mai kyau da taki, amfani ya ƙaru, in bai sami abin da zai riƙe shi ya ƙi sayarwa da kaka ba, ƙarin zai bi ta hannunsa ya wuce.

Shi ya sa nake jin wani iri idan ana muhawarar rufe iyaka da buɗe ta kamar manomi mutum ɗaya ne. Da aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019 an ce don manomi aka yi. Shinkafa ta yi tsada, mai babbar gona da mai injin casa da mai sito suka dara, mai gona biyu ya ɗan dara da kaka ya yi kuka da damina. Da yunwa ta tsananta a birane, gwamnati ta dakatar da harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150 a 2024. Bayan haka farashin hatsi ya sauko, taki bai bi shi ba, manoma da yawa suka ce abin da suka girbe bai mayar da abin da suka zuba ba. Mai turin baro a Sakkwato ya sami sauƙi, kuma shi ma mutum ne, yunwarsa ba ta fi ta kowa arha ba. Ban ga laifi a sauko da farashi lokacin da yara ke kwana da yunwa. Laifin da na gani shi ne a ce wa mutum ya shuka a kan farashi guda, bayan ya ci bashi ya shuka a sauya doka, a bar shi shi kaɗai ya biya kuɗin sauƙin da ƙasa duka ta samu. Wannan ma Bakolori ce, sai dai babu hayaƙi.

Mun saba ɗora laifin duka a kan ɗan kasuwa mai tara hatsi, kuma addini ya yi hani ga ɓoye abinci don a ƙuntata wa mutane. Amma a yi adalci: dole wani ya ajiye hatsin kaka zuwa damina, in ba haka ba ƙwari su ci ko a fitar da shi. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ajiya ya ceci Masar. Abin tambaya shi ne wa ke da ikon ajiyewa. A Nijar, tun ƙarshen shekarun 1990, an gwada wata dabara da taimakon Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙungiyar manoma ta zuba hatsinta a sito, a sa kwado biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun ba da rance. A ba kowa rance gwargwadon buhunansa ya biya buƙatun kaka ko ya yi sana'ar rani. In farashi ya tashi a biya rance a buɗe sito, mutum ya ci nasa ko ya sayar da daraja. Tana da haɗari, don wata shekarar farashi ba ya tashi, kuma a wurinmu sai an zauna da malamai an tsara ta yadda ruwa ba zai shiga ba. Amma dabara ce da ta fara daga lissafin matar gida, ba ta ƙara ko tan ɗaya a lissafin mai ofis ba, ta kuwa rage kwanakin da ake ɗora tukunya babu abin zubawa.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa kula da manoma da maƙera da sauran masu sana'a, da kwaɗaitar da jama'a tanadin abinci, da gyaran kasuwanni da hanyoyi da ganuwa, duk cikin aikin mai mulki. Kada mu yi wa tarihi kwalliya, manyan gandayen wancan zamani bayi ne suka nome su, kuma su ma ba a tambaye su ba. Amma ganuwar da ya haɗa da gona a jeri guda ta nuna ya san abin da masu shirye-shiryen yau ke tsallakewa. Tambuwal kanta ribaɗi ce da Buhari ɗan Shehu ya zauna, wato garin tsaro da ake noma a inuwarsa. Yau a gabashin jihar, ƙasar Isa da Sabon Birni, akwai ƙauyukan da sai sun biya 'yan bindiga kafin su shuka, su sake biya kafin su girbe, kuma masifar ta fara taɓa ƙauyukan Kebbe da Tureta. Manomi a irin wannan wuri ya bar gonar nesa mai albarka ya maƙale a ta bayan gida da ta gaji. Wani ya sayar da shanun huɗa tun kafin a kore su, ya koma fartanya. Wani ya kwashe iyali ya koma gefen birni, ya shiga layin masu saye, gonarsa ta koma daji. Har yanzu ana zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma a yi bikin rabon taki da injin ban-ruwa, a ɗauki hoto, a rubuta adadin waɗanda suka amfana. Wanda ya karɓi injin ya ɗora shi a babur ya kai gida, ya jingine a zaure cikin kwalinsa, domin fadamar da zai kafa shi tana bayan dajin da ba ya shiguwa.